Yadda Ake Shirya Tafiyar Yini Ɗaya Daga Kano Zuwa Garuruwan Kewaye

Mazaunin birnin Kano da yake son ya fita karkara ya dawo a yini ɗaya ba ya buƙatar dogon shiri ko kuɗi masu yawa, amma ya kamata ya fara da tambayar da mutane da dama suke tsallakewa, wato wace rana ce garin da zai je yake cika. Garuruwan karkara da ranar kasuwa suke tafiya. Garin da ka tarar ya tumbatsa da jama'a yau, idan ka koma gobe sai ka samu rumfuna wayam, babu kowa sai awaki a kwance cikin inuwa. Saboda haka kasuwa ce take zaɓa wa matafiyi rana, ba hutun ofis ba. Kasuwar Wudil tana ci ranar Juma'a, ta Dambatta ranar Lahadi, ta Maigatari da ke bakin iyakar Nijar a jihar Jigawa kuma ranar Alhamis, sannan akwai irin su Lahadin Makole da Larabar Abasawa waɗanda sunansu ma ya isa ya sanar da kai ranar zuwa.

Bayan an tsayar da rana, sai a zaɓi hanya ɗaya a tsaya a kanta. Manyan titunan da suka fita daga Kano kowanne gabansa daban ya sa, kuma wanda ya ce zai haɗa Wudil da Tiga a yini guda zai ƙarar da lokacinsa ne a cikin mota da cunkoson ratsa gari, ya dawo da gajiya ba tare da ya zauna ya yi hira da kowa ba.

A ganina hanyar Zariya ce ta fi dacewa da wanda bai saba irin wannan fita ba, domin abin gani a kanta jere yake. Garin Kura, wanda bai kai tafiyar awa ɗaya daga birni ba, ya yi suna tun da daɗewa wajen rini da bugu, kuma daga nan ne rawanin nan mai sheƙi da ake kira ɗan Kura, wanda Buzaye suke ji da shi, ya samo sunansa. Sana'ar ta ragu ƙwarai, amma idan ka tambaya za a nuna maka inda mabuga suke. Za ka ji su kafin ka gan su: maza a zaune a jere, kowa da gudumar katako a hannu, suna dukan ƙyallen da aka shimfiɗa a kan gungume, ana ninkewa ana sake bugu har shunin ya kwanta ya fara ɗaukar ido. Idan aka miƙo maka ka taɓa, to ka sani yatsunka za su yi shuɗi, don haka kada ka shafa a farar riga. Gaba da Kura akwai gonakin Kadawa, inda ake noman shinkafa da tumatir da alkama da ruwan da ake korowa ta magudana daga madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Bako. A lokacin rani kasuwar Kwanar Gafan tana cika da kwandunan tumatir da tattasai da albasa, ana loda su a manyan motoci zuwa Kudu. Wanda ya fito da wuri zai iya ƙarasawa bakin ruwan Tiga kafin azahar, ko ya karkata zuwa Rano, ɗaya daga cikin Hausa Bakwai, ya ga duwatsun da suka kewaye ta. Sai dai a zaɓi ɗaya daga cikin biyun.

Hanyar Maiduguri ita ce take kaiwa Wudil, kuma abin da ake zuwa gani a can ranar Juma'a shi ne kara, wato kasuwar shanu. A isa da hantsi, domin bayan an sauko daga masallaci ciniki ya riga ya yi nisa, an fara kora dabbobi zuwa wurin lodi. A cikin kara ana tafiya ne ta gefe, ana kuma lura da ƙaho da igiya, saboda bijimin da ya ƙwace ba ya tantance baƙo da ɗan gari. Kada ka taya dabbar da ba ka da niyyar saye. Dillali yana ɗaukar tayi da muhimmanci, kuma idan mai dabba ya ce ya sallama, ja da baya abin kunya ne da kan jawo cacar baki. Idan kallo ya kawo ka, ka faɗa tun farko, mafi yawansu za su yi maka bayanin bambancin farar saniya da ja da yadda ake gane shekarun bijimi ta haƙori. Daga nan sai a gangara wajen gada a ga kogi da masunta.

Hanyar Daura ta fi tsawo. Tana bi ta Dambatta da Kazaure kafin ta shiga jihar Katsina, kuma wanda yake son ya ga rijiyar Kusugu, wadda labarin Bayajidda da macijiya yake rataye da ita, sai ya tashi da zarar an idar da sallar asuba, ya kuma haƙura da tsayawa cin kasuwar Dambatta a wannan ranar.

Yanayin shekara ma yana da tasiri. Kaka, wajen Oktoba zuwa Nuwamba, ita ce ta fi daɗi, domin ruwa ya ɗauke, hanya ta bushe, ana girbin gero da dawa da gyaɗa, kuma hatsi yana da sauƙi a kasuwa. Damina tana da kyan gani amma hanyar burji takan caɓe, mota ta kafe a laka nesa da kwalta. Da hunturu hazo yakan rufe gaba da sassafe, da bazara kuwa, daga Maris zuwa Mayu, zafin rana ba ya barin mutum ya yi yawo bayan ƙarfe 11, sai dai ya nemi gindin bishiya.

Wanda zai shiga motar haya ya je tashar da ke bakin hanyar da ya zaɓa, kamar Unguwa Uku ga masu bin hanyar Zariya, ya kuma tambayi direba ko ɗan kamasho ƙarfe nawa motar ƙarshe take tasowa daga can. Wannan tambaya ta fi ta kuɗin mota amfani, domin a ƙananan garuruwa da zarar kasuwa ta watse motoci sukan ɗauke ƙafa. Direbobin nan su ne kuma suka fi kowa sanin halin da hanya take ciki ta fuskar tsaro, kuma idan sun ce wani yanki ba a bin sa a kwanakin nan, musamman wajen dajin Falgore ko ƙauyukan da ke kan iyaka da Katsina, to a ɗauki maganarsu. Mai motar kansa ya duba taya da safaya da jak da ruwan lagireto, ya cika tanki tun daga birni. Idan sai an hau acaɓa daga bakin titi zuwa cikin ƙauye, a yi ciniki kafin a hau, a kuma karɓi lambar ɗan acaɓar don dawowa. A riƙe tsabar kuɗi ƙanana, domin mai fura ba ta da canjin dubu, sabis ɗin waya kuma kan ɗauke a daidai lokacin da ake son tura kuɗi.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne yadda za ka shiga gari. A kasuwa kowa baƙo ne, babu mai tambayar ka, amma ƙauyen da ba ranar kasuwarsa ba gida ne, kuma ba a shiga gidan mutane a fara zagaye. Ka nemi ƙofar mai unguwa ko dagaci, ka yi sallama, ka cire takalmi a bakin zaure, ka durƙusa ka gaisa a tsanake: "Ranka ya daɗe, mun same ku lafiya? Ya iyali, ya ruwa, ya amfanin gona?" Sai an gama wannan, an kawo maka ruwa ka sha, sannan ka faɗi daga inda kake da abin da ya kawo ka. Galibi zai haɗa ka da wani yaro ko dattijo ya zaga da kai, kuma wannan rakiya ita take buɗe maka ƙofar maƙera da masaƙa da bakin rijiya, wuraren da kai kaɗai sai dai a bi ka da ido. Ka riƙo 'yar tsaraba daga birni, goro ko sabulu ko sukari ko burodi, ka miƙa wa maigida cikin sirri. Raba wa yara kuɗi a fili ba ya burge manya, yakan ma sa su ji an raina su. Idan da mata a cikin tafiyar, su ne za su shiga cikin gida su gaida matan gidan, maza su tsaya a zaure. Hoto kuwa sai da izini, musamman na mata da na Fulani masu tallan nono, kuma ba a ratsa gonar mutum ko tsinkar masa amfani ko da zangarniya ɗaya ce. Idan an kawo fura ko dambu, ka taɓa ko da ka ƙoshi.

A bakin madatsun ruwa a yi taka-tsantsan da yara, kuma kada a shiga kwale-kwalen da aka cika maƙil. Mutanen Kano ba su manta da wanda ya kife a ruwan Bagwai a ƙarshen Nuwamban 2021 ba, inda aka rasa rayuka da dama, yawancinsu ɗaliban Islamiyya.

Sayayya a bar ta sai dab da tasowa, don kada a yi ta yawo da kaya a rana. Hatsi da wake a sa a auna a gabanka, ka damƙi na ƙasan buhu ka duba, zuma kuma ka ɗanɗana kafin ka biya. Man shanu da daddawa da kuka da busasshiyar kuɓewa sun fi na birni kyau da araha, amma tumatir da nono sai a tabbatar za a isa gida da su kafin su lalace. Da an yi la'asar sai a koma a yi wa mai unguwa sallama, a sallami wanda ya yi rakiya da ɗan abin da ya sawwaƙa, a kama hanya yadda magariba za ta riski mutum a cikin birni, domin bayan duhu manyan motocin da suka yi lodi a kasuwa ne suke cika titi, wasu ma babu fitilar baya.