Yadda ake kafa lambun ɗalibai a sakandare a Damagaram ba tare da ya mutu a hutun farko ba

Kusan kowace shekara, da an koma makaranta a watan Oktoba, sai ka ga wani sabon malami mai himma ya tara ɗalibai a bayan azuzuwa, an kawo fartanya da shebur, an yi fangali, an zuba iri, har an ɗauki hoto da waya. Idan ka koma wurin a tsakiyar Janairu, abin da za ka tarar shi ne busasshiyar ƙasa da ta tsattsage da kashin awaki. Na ga haka a makarantu da dama, kuma ni kaina na yi irin wannan lambun sau ɗaya kafin in yi hankali, shi ya sa nake rubuta wannan bayani domin malamin koleji ko lise da ke son ɗalibansa su sami wani aiki na kansu bayan darasin allo. Ba zan tsaya koya wa kowa riƙon fartanya ba, domin yaron da ya tashi a ƙasar nan ya san wannan tun kafin ya san bakin alƙalami.

Matakin farko shi ne lissafin ruwa, kuma ina nufin lissafi da alli a kan allo kafin a sayi ko ƙwayar iri guda. Kowa ya san garin Zinder a kan dutse yake zaune, manyan duwatsun unguwar Birni kaɗai sun ishe ka shaida, kuma ruwan da muke sha daga nesa ake turo shi, daga su Gogo da Machaya da Arunguza. Ƙarancin ruwan nan yana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin mulki daga nan zuwa Yamai a 1926, don haka kada wani ya ɗauka cewa himmarsa ce za ta warware matsalar a cikin zango ɗaya. Awon da nake aiki da shi mai sauƙi ne: fangali mai faɗin mita 1 da tsawon mita 3 yana shan bido guda na lita 20 ko 25 a kowace rana a lokacin sanyi, idan zafi ya shigo kuwa sai ya nemi ninkin haka. Ka ƙirga bido nawa makarantarku za ta iya samarwa a ranar da famfo ya yi rowa, wannan adadin shi ne yawan fangalin da za ku yi. Ni ban taɓa barin sababbin ɗalibai su wuce fangali 10 a shekarar farko ba, ko da filin makarantar ya kai filin idi, domin da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Daga nan sai wurin tara ruwan. Ganga biyu ko uku na ƙarfe masu murfi sun wadatar, kuma idan an nemi na hannu a kasuwar Dole za su zo da sauƙin kuɗi fiye da gina tankin ruwa da siminti, wanda galibi kan tsage tun kafin a more shi. A tabbatar dai ba gangar da aka taɓa zuba maganin ƙwari ko man inji ba ce. A unguwanni da yawa famfo cikin dare yake kawo ruwa, lokacin da babu malami babu ɗalibi a makaranta, saboda haka mutumin da lambun ya dogara a kansa shi ne mai gadi. A je a same shi tun farko, a gaishe shi da girmamawa, a yanka masa ɗan abin goro na wata-wata daga asusun ƙungiyar ɗaliban lambun, a kuma ware masa fangali guda nasa na kansa. Ruwan tabkunan cikin gari kuwa ban yarda da shi ba ga ganyen da ake ci ɗanye, duk kusancinsa da makaranta, domin kowa ya san abin da ke gangarawa cikinsu.

Kafin a kafa ko da turke ɗaya, a sami izinin shugaban makaranta da na kwamitin kula da makaranta, wato COGES, a rubuce, kuma takardar ta faɗi wanda zai biya ƙarin kuɗin ruwa. Alkawarin baka yana tafiya tare da shugaban da aka yi wa canjin wurin aiki. Sai shinge, wanda nan ma mutane kan yi tsumulmula su yi asara: darnin kara yana da arha amma awakin unguwa suna cinsa kamar an ajiye musu harawa, ƙaya tana aiki amma tana yaga tufafin yara, don haka idan da hali a sayi ragar waya, a binne gindinta cikin ƙasa kamar taƙi ɗaya, a sa ƙofa guda tak mai kwaɗo.

Wajen zaɓen ɗalibai, ni ƴan ajin 5e da 4e, wato shekara ta biyu da ta uku a koleji, nake ɗauka, kimanin ashirin, maza da mata. Ƴan 6e ba su gama sanin makarantar ba tukuna, ƴan 3e kuwa jarrabawar kammala koleji, wato BEPC, ce a gabansu, kuma idan ɗaya ya faɗi, iyayensa lambun za su ɗora wa laifi ko da sau biyu kawai ya taɓa shiga cikinsa. Doka ɗaya da ba na sassautawa ita ce ba a tura mai laifi lambu domin horo. Ranar da wani malami ya ce wa wanda ya makara ya je ya ba salati ruwa, daga ranar lambun ya zama gidan kaso a idon yara, masu sonsa ma sai su fara jin kunyar a gan su da bido. Kowane fangali a damƙa shi ga ɗalibai biyu, a rubuta sunayensu a ɗan katako a kafa a kansa, saboda fangalin da aka ce na kowa ne babu mai tashi da sassafe dominsa.

Yanzu ga wurin da na yi tuntuɓe, kuma wurin da nake ganin mafi yawan lambunan makaranta suke mutuwa. A shekarata ta farko mun yi renon salati da kabeji a Nuwamba, muka yi dashe a farkon Disamba, ganye ya yi kore shar har malamai suna zagayowa kallo a lokacin shan iska. Da hutun ƙarshen Disamba ya gabato, na tsaya a gaban yara na tambaya ko za su riƙa zuwa ban ruwa, duka suka ɗaga hannu, ni kuma na gamsu na tafi ganin gida. Ban tambayi ko ɗaya daga cikinsu inda zai yi hutun ba. Ashe fiye da rabinsu ƴan ƙauye ne da ke zaune a hannun dangi ko masu masauki a cikin gari, kuma ranar da aka ba da hutu, ranar suka hau mota. Ƴan matan da ke cikin gari iyaye ba su ga dalilin barinsu zuwa makarantar da babu kowa a ciki ba, kuma gaskiyarsu ce. Makullin ƙofar lambun kuwa yana aljihun shugaban ƙungiyar, shi kuma yana can wajen Tanut.

Da na dawo na tarar da salatin ya kwanta a ƙasa ya yi fari kamar tsohuwar takarda, idan ka taɓa ganyen sai ya marmashe a hannunka, kabejin kuma saura ƴan sanduna. Wani yaro guda daga unguwar Garin Malam ne ya yi ta zuwa kwana uku na farko, yana miƙa ruwa ta saman waya da gwangwanin tumatir, har ya gaji ya bari. Da na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce, “Malam, na zo, amma ƙofa a rufe take, Baba mai gadi kuma ya ce ba a bar masa makulli ba.” Baba mai gadi da kansa, da na same shi a inuwar bedi, bai ɗaga murya ba, cewa kawai ya yi, “Malam, da ka gaya mini, ai da ban bar shi ya mutu ina kallo ba.” Ban sami abin da zan ce masa ba.

Abin da nake yi tun daga lokacin shi ne tsara hutu tun ranar da ake rubuta sunaye a Oktoba, domin tun ran gini ran zane. A gaban sunan kowane ɗalibi ina rubuta unguwarsa da garin da yake zuwa hutu, kuma ba na rufe rajista sai na sami aƙalla shida waɗanda gidan iyayensu yake kusa da makaranta, tafiyar ƙafa. Kowane fangali ina haɗa ɗan gari ɗaya da ɗan ƙauye ɗaya, yadda ɗan ƙauyen zai ɗauki nauyin ban ruwa fiye da rabonsa a lokacin karatu, ɗan garin kuma ya rama masa a hutu, kuma su biyun ne za su zauna su daidaita wannan a tsakaninsu, ni shaida ne kawai. Mako biyu kafin hutu ana rubuta jadawali da kwanan wata da suna, a manna ɗaya a ƙofar lambu, a ba mai gadi ɗaya, kowane yaro kuma ya kai wa mahaifinsa ko mahaifiyarsa takarda a sa hannu. Ban ruwan hutu da safe ake yinsa, tsakanin ƙarfe 7 da 8, ƴan mata kuma su zo su biyu ko uku tare, ba a sa yarinya ita kaɗai. Makulli uku ake yankawa, ɗaya wurin mai gadi, ɗaya wurin malami, ɗaya wurin ɗalibin da ya fi kowa kusa. Sannan a ajiye kuɗin sayen ruwa na kwana uku ko huɗu wurin ƴan garuwa a hannun mai gadi, saboda ranar da famfo zai ɗauke. Malamin da ya san zai yi tafiya kuma ya nemi abokin aiki da zai leƙa ko sau biyu ne, ya faɗa wa yara sunansa tun kafin a watse.

Akwai kuma dabarar da ke rage nauyin gaba ɗaya, wato a daidaita shuka da kalandar makaranta. Alayyafo yana isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, salati kuma yana yin kamar mako uku a wurin reno sannan wata ɗaya da ƴan kwanaki bayan dashe, don haka idan aka zuba iri a ƙarshen Oktoba, za a cire kashin farko a sayar kafin hutun Disamba, a bar fangali kaɗan kawai da ke bukatar ruwa. Kashi na biyu a yi dashensa a farkon Janairu. Kabeji da tumatir suna cin wata uku ko fiye, a jarraba su a fangali biyu kawai. Albasa, ko da irin Galmi ce mai kyau, ban ba da shawararta ga masu farawa ba, domin tana daɗewa har ta kai ku cikin zafin Maris. Iri kuwa gara a je Miriya ko a nemi wani tsohon mai lambu a sayi dashe a hannunsa, da a sayi ƙunshin da ya shekara a rana a kan tebur. Idan da hali a tafi da yaran, domin abin da za su gani a lambunan Miriya cikin safiya ɗaya ya fi abin da zan faɗa musu a wata guda.

Taki na dabbobi ya wadatar, amma wanda ya ruɓe, ɗanye yana ƙona saiwa. A rufe fangali da ɓuntun gero ko busasshiyar ciyawa domin iskar hunturu tana shanye laima da sauri. Maganin ƙwari na kanti ba na barin ya shiga hannun yara ko kaɗan, ƴaƴan bedi da aka daka aka jiƙa kwana ɗaya aka tace sun isa a yayyafa da yamma.

Idan amfani ya fito, malamai ne kasuwar farko, kuma nan ne ake cin ƙungiya da bashi. Babu bashi, ko ga shugaban makaranta. Ɗalibai su zaɓi ma'aji da magatakarda a tsakaninsu, a sayi littafi guda a raba shafinsa gida biyu, abin da ya shigo da abin da ya fita, kowace dala a rubuta ta da kwanan wata da sa hannun mutum biyu. Na lura sau da yawa ƴan mata sun fi riƙe wannan littafi da tsanani, na kuma ga yarinyar da ke tsoron allo a darasin lissafi tana gyara wa malami canjin jaka guda ba tare da ta taɓa alƙalami ba. Malami kada ya riƙe kuɗin a aljihunsa, a karanta lissafi a gaban kowa duk ƙarshen wata. Ribar a kasa ta uku: kuɗin iri da ruwa na baɗi, haƙƙin mai gadi, sauran kuma yara su yanke abin da za a yi da shi, ko da ƙwallo suka ce za su saya.

Da Maris ya raba, a tsayar da ganye, kada a yi jayayya da rana mai wuce digiri 40. A kwashe ganguna da butocin ban ruwa a kulle a ɗakin ajiya, a rubuta wa kowane ɗalibi takardar shaida mai hatimin makaranta da ke faɗin aikin da ya riƙe, a miƙa ta a gaban iyaye ranar ba da sakamako. Kafin a tafi dogon hutu a shuka zogale a bin shinge domin damina ta raine shi, littafin kuɗi da makulli ɗaya kuma a damƙa su ga ɗalibai biyu na 5e da za su dawo a Oktoba.