Yadda ake fassara kalmar "troll" daga Turanci zuwa Sifaniyanci

Kafin ka buɗe ƙamus, fara karanta jimlolin da ke gaba da bayan kalmar, domin "troll" ba ma'ana ɗaya gare ta ba. In ka ga kogo, tsauni, ƙarƙashin gada ko dazukan Norwe da Suwidin, to dodon tatsuniyoyin Turawan arewa ake nufi, wanda a wasu labaran yake zama dutse in rana ta haska shi. In kuwa Facebook ko X ake magana a kai, ɗan tsokana ne, mai jefa baƙar magana don ya ga an harzuƙa.

Mataki na biyu shi ne rubutun. Sifaniyawa sun ari kalmar, amma sun cire "l" ɗaya, suna rubuta "trol", jam'inta "troles". Dalili kuwa, "ll" a harshensu wani sauti ne na daban mai kama da "y", kuma ba a saba ƙare kalma da shi ba. Ƙamus ɗin Real Academia Española, hukumar da ke kula da harshen Sifaniyanci, ya daɗe da ɗaukar "trol" da ma'anar dodo, sai a 2020 aka ƙara masa ma'anar intanet tare da aikatau "trolear". Aikin tsokanar kansa ana ce masa "troleo".

Na uku, a tatsuniya, kada ka yi gaggawar musanya shi da abin gida. "Duende" ɗan ƙaramin aljani ne mai wasa da mutanen gida, "ogro" kuma ƙaton mai cin mutane ne. Ko wanne ka sa, ka ɗebe labarin daga duwatsun Norwe ka kai shi wani wuri. Ni dai "trol" nake bari, sai in littafin na ƙananan yara ne ƙwarai, nan ma ina ƙara 'yar siffa a farkon ambato.

A ɓangaren intanet, duba wa kake rubuta wa. Matasa a Madrid ko Buenos Aires sun san "trol" sarai, har gargaɗin nan na kada a kula ɗan tsokana suna faɗinsa "no alimentes al trol". Amma a takardar hukuma ko rahoton da dattawa za su karanta, "provocador" ya fi zama daidai. Gungun da ake biya kuɗi su riƙa yaɗa farfaganda, irin waɗanda muke kira sojojin baka, su ne "granja de troles".

Akwai tarko guda da ke kama mutane: a Turanci "trolling" tana nufin kamun kifi ta hanyar jan ƙugiya a bayan jirgin ruwa yana tafiya. In rubutun na masunta ne, "pesca al curricán" za ka sa.

Daga nan sai ka sake bin rubutun daga sama har ƙasa, ka tabbatar ba ka rubuta "trol" a shafi ɗaya, "troll" a wani ba.