Yadda ake zaɓar kayan haɗa bindigar AR-15 mara nauyi

Bari in fara da wannan kafin wani ya fahimce ni a baibai, maganar nan ta mazauna Amurka ce, inda doka ta yarda mutum ya sayi sassan bindiga ya haɗa abinsa. A Najeriya dokar makamai ta 1959 na nan daram, ba ruwanka da wannan harka. Ko a Amurkan ma jiha da jiha sun bambanta, abin da za ka yi a Texas hankali kwance a Kalifoniya ko New York sai ya ja maka ɗauri, don haka dokar jiharka za ka fara karantawa.

To, abu na farko da za ka saya ba ma na bindiga ba ne, sikelin kicin ne ɗan ƙarami. Duk abin da ya iso ka ɗora ka rubuta nauyinsa. AR-15 ta kanti takan kai kilo 3 ko ɗan fiye ba tare da harsashi ba, kai kuma ka nemi kusan kilo 2 da rabi, wannan ya isa, masu neman ƙasa da haka kuɗi kawai suke ƙonawa.

Sai lowa, wato gangar ƙasa mai ɗauke da lambar bindigar. A doka ita ce bindigar, dole ta hannun dila mai lasin za ka karɓa, ka cike fom 4473 a binciki tarihinka. Ka ɗauki ta alminiyom 7075 da aka saba, kar ka wahalar da kanka da waɗanda aka huhhuda musu jiki wai don rage nauyi, ƙura da yashi ne za su samu ƙofa.

Inda maganar take shi ne barel, bututun da harsashi ke bi. Nan nauyin yake, kuma nauyi ne na gaba, wanda ke kashe maka hannun hagu. Tawa ta farko barel mai kauri na sa mata saboda na ga haka kowa ke yi, ranar da muka yini muna zagaya gonar wani abokina wallahi kafin la'asar ji nake kamar taɓarya na ɗauko. Ka nemi sirantacce wanda suke ce wa fensir, kamfanoni irin su Faxon da Ballistic Advantage suna yi, shi kaɗai zai iya sauke maka giram 200 ko fiye. Kuma ba sabon abu ba ne, wadda Eugene Stoner ya tsara a ArmaLite a ƙarshen shekarun 1950 siririn barel gare ta, daga baya ne aka yi ta ƙara masa ƙiba. Aibinsa ɗaya, yana saurin ɗaukar zafi, in ka jera harbi da yawa za ka ga harsashin ya fara bazuwa a allo. Tsawo kuma inci 16, ƙasa da haka ka shiga wata dokar ta 1934 mai nata takardun. Ka lura da kaurin wurin da gas bulok ke zama, wato ɗan ƙarfen da ke kan barel yana ɗibar iskar harbi don sarrafa bindigar, fensir da yawa inci 0.625 ne ba 0.750 ba, ni sai da na mayar da guda saboda ban duba ba.

Daga nan sai murfin da ke rufe barel inda hannu ke kamawa. Ka bar masu hakora ta ɓangare huɗu ɗin nan, ka ɗauki siriri mai ramukan ɗaura kaya da ake kira M-LOK, inci 12 ko 13 ya wadatar. Na kabon faiba sun fi rashin nauyi amma tsada kamar me.

Bolt kariya fa, wato ƙarfen da ke kai da komo a ciki yana tura harsashi yana fitar da kwanso, a nan nake saɓa wa mutane. Na asali yana da kusan giram 325, akwai na taitaniyom da ke rage kusan giram 100, sai dai da ka sa shi tafiyar cikin bindigar ta canza, sai ka nemi gas bulok mai saiti, ka zauna kana juya sukuru kana gwaji, ka canza harsashi kuma ta fara cijewa. In ba gasa kake shiga ba ka bar na asali abinka.

Ƙota ka ɗauki mara tarkace irin Minimalist ta Mission First Tactical, amma kar bayan ya yi sakayau da yawa har gaba ya rinjaya. Kunama kuwa ba wurin rage nauyi ba ne, mai kyau kawai za ka nema.

Na ƙarshe madubin saiti, inda mutane ke mayar da duk abin da suka rage. Ɗan jan ɗigo irin Aimpoint Micro bai fi giram 100 ba in ba mazauninsa, mai jawo nesa kuwa da mazauninsa ya haura rabin kilo. Ga magazin, wato gidan harsashi, mai cin 30 in ta cika ita ma kusan rabin kilo. Sai ka ɗora duka a sikelin nan da igiyar rataya da komai, in lissafin ya yi maka, ka kai wa maƙerin bindiga ya duba ta kafin ka je fili.