Yadda nake zuba sababbin kifaye da yawa lokaci guda a tankin ruwan gishiri

Tankina mai cin lita 300 ne, yana falo a inda rana ba ta dukansa. Shekarar da na fara, kifi biyu ne kacal a ciki, irin kilaun ɗin nan masu ruwan lemo da fararen zane uku, kuma sun yi wata biyar lafiya lau. Wata Asabar na dawo gida da leda shida, na kwance su na juye duka, har da ruwan da suka zo a ciki. Kwana uku ba a yi ba na tarar da su da asuba sun taru a saman ruwa suna haki. Bayan mako guda fararen ɗigo suka fito wa ɗaya daga cikin baƙin, tang, wani faffaɗan kifin teku mai cin gansakuka, kamar an barbaɗa masa gishiri. Huɗu suka mutu, har da ɗaya daga cikin biyun farko. Har yau abin yana yi mini ciwo, domin gaggawata ce ta kashe su.

Duk da haka ban daina zuba kifi da yawa a tare ba, wani lokaci ma hakan ya fi. Kifin teku yana da kishin wurinsa. Wanda ya daɗe a tanki ya riga ya kama kogonsa, in ka kawo masa baƙo guda ɗaya, a kansa duk masifar za ta ƙare, ya hana shi ci, ya tura shi lungu har ya rame. In baƙin uku ne ko huɗu, faɗan sai ya rarrabu, mai gida ya bi wannan ya bi wancan har ya gaji. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Akwai ma waɗanda tare ya kamata su shiga: tang biyu, ko kilaun biyu. Su kilaun ka zaɓi ɗaya babba ɗaya ƙarami, domin babban shi ke rikiɗa ya zama mace, ƙaramin ya zauna namiji, rigima ta mutu da wuri.

Abin da ban gane ba a wancan karon shi ne, ba girman gilashi ke faɗa maka yawan kifin da za ka ƙara ba. Kifi yana fitar da amoniya, wani sinadari mai dafi, ragowar abinci ma in ya ruɓe haka. Ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a jikin duwatsu da yashi da soson matata su ke mayar da ita naitirait, wasu kuma su mayar da wannan naitiret, wadda ba ta da dafi sosai. Yawan waɗannan ƙwayoyi daidai yake da abin da suka saba samu. Nawa sun saba da kashin kifi biyu, na wayi gari na ɗora musu na takwas. In dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Ga shi ruwan teku ma'auninsa na pH, wato awon tsamin ruwa, yana kusan 8.2, kuma a irin wannan ruwa amoniya ta fi cutarwa. Yanzu ƙa'idata ita ce ba na ƙara abin da ya wuce nauyin kifin da ke ciki, kuma girman jiki nake dubawa, ba lissafin kai ba. Tang ɗaya ya fi ƙananan gobi uku, 'yan kifayen da ke zama a ƙasan tanki, ɓata ruwa.

Kafin in biya kuɗin kifi, sai na haɗa tankin killacewa. Nawa na lita 80 ne, babu yashi babu dutse, sai guntayen bututun roba irin na masu aikin famfo don su samu maɓoya, da murfi, da soso guda da na ajiye a matatar babban tanki tsawon wata guda don ya ɗauki bakteriya. Nan baƙi ke zama mako huɗu, in na ga alamar ciwo in ƙara. Kowace safiya ina zama minti goma ina kallonsu: wa ke goga jikinsa da bututu, wa ke numfashi da sauri, wa ya ƙi abinci. Ciwon fararen ɗigo ƙwayar cuta ce da ke faɗowa daga jikin kifi ta kwanta a ƙasa ta hayayyafa ta dawo, shi ya sa ɗigon kan ɓace ka ɗauka an warke. Maganinsa da aka fi sani yana ɗauke da jan ƙarfe, wanda ke kashe murjani da jatan lande da dodon koɗi, dutse kuma yana shanye shi. Ba a zuba shi a babban tanki. Da cutar ta shiga nawa, sai da na kwashe sauran kifayen na bar shi kwana 76 babu kifi ko ɗaya kafin in amince da shi. Soson killacewa kuwa ba ya komawa babban tanki, yar da shi nake yi.

Ka tambayi mai shago yawan gishirin ruwansa, sannan ka auna na ledar da kanka. Ni nawa yana kan 1.025 a ma'aunin gishiri, zafi digiri 25 zuwa 26. Shaguna da yawa suna ajiye nasu ƙasa da haka. Kifi yana jure sauka zuwa ruwa mai ƙarancin gishiri fiye da hawa, don haka tankin killacewa nake daidaitawa da ledar, sannan in riƙa ɗagawa kaɗan-kaɗan cikin kwanaki.

Ranar kawo su, ka ɗora ledojin a rufe a saman ruwan tankin killacewa minti 15 zuwa 20 don zafinsu ya zo ɗaya. In daga cikin gari ka saye su, kana iya juye kowanne a bokitinsa ka riƙa ɗiga masa ruwan tanki rabin awa. In kuwa sun kwana a hanya, kada ka ja lokaci. Iskar da kifi ya fitar cikin rufaffiyar leda tana sauke pH, hakan yana danne dafin amoniyar da ta taru. Kana buɗewa pH ya fara hawa, dafin ya farka. Ka cire kifin kawai, ruwan ledar ka zubar a kwata.

In lokacin shiga babban tanki ya yi, da yamma nake yi. Ina fara ciyar da masu gida su ƙoshi, in ɗan sauya wa duwatsu biyu ko uku wuri don iyakoki su rikice, in kashe fitila har gobe. Masu sanyin hali kamar gobi su ke fara shiga, in ba su ɗan lokaci su samu rami. Mafaɗata irin su damsel, wani ƙaramin kifi mai kishin wuri, da tang su ne na ƙarshe, a ranar da kuma a tsarin tankin gaba ɗaya. Tang yana da ƙaya mai kaifi a gindin wutsiya, na ga yadda ta tsaga gefen ɗan'uwansa, saboda haka da kofin roba nake ɗaukarsa, ba da raga ba. In wani ya matsa wa baƙo lamba, ina manna ƙaramin madubi a jikin gilashi daga waje, ya yini yana faɗa da hotonsa. In bai bari ba, shi nake kamawa in sa a kwandon roba mai huji cikin tankin kwana huɗu ko biyar. Murfi kuwa dole ne, tsorataccen gobi tsalle yake yi.

Mako biyun farko kullum nake auna amoniya da naitirait, dukansu sifili nake so in gani. Abinci kaɗan, abin da za su cinye cikin minti biyu. Ina da lita 75 na ruwan gishiri da na haɗa tun jiya yana jira a duro, da na ga amoniya ta kai 0.25 a ma'aunin gwaji sai in canza kashi ɗaya cikin huɗu nan take. Ka kuma tanadi famfon iska mai batir, domin ruwan gishiri mai ɗumi ba ya riƙe iska da yawa, in aka ɗauke wuta da dare sababbin bakuna shida za su shanye ta kafin asuba. Sai awo ya zauna a sifili mako uku a jere, kowa yana fitowa cin abinci, sannan nake sa wani soson a matata don rukuni na gaba.