Yadda Ake Fara Karanta Samuel Beckett

Yawancin masu jefar da littattafan Samuel Beckett ta inda bai dace ba suka shigo. Wani ya ji an ce mutumin ya ci kyautar Nobel a 1969, sai ya faɗa kai tsaye cikin The Unnamable, inda wata murya marar jiki take ta sambatu shafi bayan shafi, kafin shafi na goma ya ajiye. Rubutun Beckett, ɗan ƙasar Ailan da aka haifa a 1906 kusa da Dablin ya rasu a Faris a 1989, sai ƙara tsukewa yake yi da tafiyar shekaru. Saboda haka jerin da aka bi wajen karatu shi ne rabin aikin.

A fara da gajeren wasan kwaikwayon nan Krapp's Last Tape na 1958. Bai kai shafi ashirin ba, kuma mutum ɗaya ne a dandamali: wani tsoho ɗan shekara 69 yana cin ayaba, yana sauraren muryarsa da ya naɗa a tef tun yana ɗan shekara 39, yana yi wa saurayin nan dariyar raini. Duk Beckett yana nan a dunƙule, ban dariya da ban tausayi a wuri guda. A karanta shi a zama ɗaya, da murya a bayyane. Inda marubucin ya sa umarnin a yi shiru, a yi shirun da gaske, ko da daƙiƙa uku ce. Wanda ya tsallake waɗannan umarnin ya zubar da rabin wasan, don sau da yawa abin da aka kasa faɗa a cikin shirun yake.

Daga nan sai Waiting for Godot, wanda aka fara nunawa da Faransanci a Faris cikin Janairun 1953. Kashi biyu ne. Vladimir da Estragon suna zaune gindin wata bishiya suna jiran wani Godot, kuma bai zo ba. Gara a san haka tun farko, a daina buɗe shafi ana cigiyarsa. Kuskuren da ya fi yawa shi ne farautar ma'ana: Godot Allah ne, ko mutuwa, ko bege? Beckett kansa bai taɓa yarda ya warware ba. Abin lura shi ne yadda mutanen biyu suke kashe lokaci, da cire takalmi, da musayar hula, da faɗa da shiri, irin na 'yan barkwanci. In da hali a samu aboki a raba layukan, za a ji amsa-amon maganar. A kashi na biyu a riƙa kwatantawa da na farko: bishiyar ta fitar da 'yan ganyaye, Pozzo, wani matafiyi da ke ratsowa ta wurinsu, ya makance, bawansa Lucky ya bebance. Doguwar maganar Lucky ta kashi na farko kuwa, wadda ba aya ba waƙafi, a zuba ta da sauri, kada a tsaya tsefe ta jimla-jimla.

Happy Days na 1961 ya fi Endgame na 1957 sauƙin shiga. A Happy Days, wata mata mai suna Winnie tana binne cikin tudun ƙasa har ƙugu, daga baya har wuya, amma tana ta duba kayan jakarta tana godiya. Endgame ya fi ɗaci, a bar shi ya zo na huɗu.

A ɓangaren ƙagaggun labarai, Murphy na 1938 yana da labari mai kai da gindi, sai dai cike yake da kalmomi masu tsauri, lokacin inuwar marubucin Ailan James Joyce ba ta sake shi ba tukuna. Molloy na 1951 ya fi dacewa. Abin da ke tsorata mutane shi ne kashin farko, wanda sakin layi biyu ne kacal, na biyun kusan shafi 80. Maganin kuwa: shafi goma a rana, a sa alama da fensir inda aka tsaya, kada a koma baya neman zaren labari, domin Molloy kansa yana mantuwa yana ƙaryata abin da ya faɗa. Wurin gwaji shi ne inda ya rarraba duwatsu 16 cikin aljihu huɗu, yana lissafin yadda zai tsotse kowanne bi da bi ba tare da maimaita ɗaya ba, shafuka da dama, ƙarshe ya watsar da su ya bar guda. Wanda ya yi dariya a nan ya kama hanya, ya ci gaba zuwa Malone Dies. Wanda ya ji gundura kawai ya tsallaka zuwa kashi na biyu, labarin Moran da aka aika neman Molloy, kashin da ya fi tsari, ya dawo daga baya.

Yawancin manyan ayyukan nan da Faransanci ya fara rubuta su, sannan ya mayar da su Turanci da kansa, Molloy ne dai ya yi tare da wani mafassari. Don haka na Turancin ba kwafin hannu na biyu ba ne. Littattafan sharhi su jira sai an gama wasanni uku. The Unnamable da Watt da How It Is su ne na ƙarshe a layi.