Yadda zaka saka "an" da "ana" a yaren da kake ƙirƙira

In ka fara ƙirƙirar yare a bayan littafinka kamar yadda ni da ƙanina muke yi da daddare anan ƙauyenmu ta wajen Ringim, nasan wakilan suna irin "ni" da "kai" da "shi" da "su" duk ka rubuta, to dan Allah ka dawo akwai guda ɗaya da ake mantawa, wakilin sunan da baya nuna kowa.

Fara da sauraron mutanen gidanku kwana ɗaya kawai. Inna ta fito ta tarar awaki sun shiga rumbu tace "an bar ƙofa a buɗe ko", alhali kai take kallo, bata kama sunanka ba amma saƙo ya isa. Ka je gaida tsoho kace an tashi lafiya, nan kuma girmamawa ce. Duk inda kaji irinsu rubuta, sune zaka gwada yarenka dasu.

Sai ka zaɓi inda lokaci zai zauna. Mu Hausa a jikin kalmar yake, an ce, ana cewa, za a ce, akan ce, aka ce. Esperanto, ƙirƙirarren yaren da wani likita Zamenhof ya fitar a 1887, kalma ɗaya ce tal, oni, aikatau ne ke sauyawa, oni diras ana cewa, oni diris an ce, oni diros za a ce. Wanda ya yi makarantar ilimi ya san Larabci wasali yake juyawa, ƙala (ya ce) ya koma ƙila (an ce), ba wata sabuwar kalma. Ni dai shawarata mai farawa ya bi hanyar oni, tafi sauƙin riƙewa, tamu tafi daɗin baki amma sai ka ƙera siffofi da yawa kuma wallahi zaka rikice tun a shafi na biyu.

Maganar yanayi ma ka yanke hukunci da wuri. Mu muna cewa ana ruwa, ana sanyi, su Esperanto in ana ruwa pluvas kawai suke cewa babu oni ko ɗaya.

Sannan ka duba, ba a cewa "ciwon nan yana kayar da an", sai dai yana kayar da mutum. To kai ma ka tanadi kalmar da zata zauna bayan aikatau, ni da ƙanina sai da muka zo fassara "yunwa tana sa mutum faɗa" sannan muka ga bamu da ita a yaren da muke ƙirƙira.