Yadda Ake Tsara Jadawalin Ranakun Tarihi na Watan Fabrairu

Duk wanda zai tsara jadawalin ranakun tarihi na watan Fabrairu, ko don ɗalibai ko don shirin rediyo, ya kamata ya fara da abubuwan da babu saɓani a kan ranarsu. A wannan sahu akwai sakin Nelson Mandela ranar 11 ga wata a 1990 bayan shekara 27 a tsare, da kisan Janar Murtala Muhammad a Legas ranar 13 ga wata a 1976, da samun 'yancin kan Gambiya ranar 18 ga wata a 1965, sai kuma hamɓarar da shugaban Ghana Kwame Nkrumah ranar 24 ga wata a 1966, alhali yana bulaguro a ƙasar Sin.

Mataki na biyu shi ne tantance kalandar da aka rubuta ranar da ita, kuma a nan ne masu gaggawa suka fi yin tuntuɓe. Juyin juya halin Rasha na 1917, wanda ake kira na Fabrairu, ya fara ne ranar 8 ga Maris bisa kalandar da muke amfani da ita yau, domin a lokacin Rasha tana bin tsohuwar kalanda wadda ke baya da kwana 13. Haka kuma an haifi George Washington, shugaban Amurka na farko, ranar 11 ga Fabrairu a tsohon lissafi, amma ranar ta koma 22 bayan Birtaniya ta sauya kalanda a 1752. Abin da aka rubuta da watan Hijira kuwa ba ya tsayawa a Fabrairu, tun da shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, saboda haka a zaɓi lissafi ɗaya a kuma faɗa wa mai karatu.

Daga nan sai a ƙidaya shekaru, a ba waɗanda suka cika 25 ko 50 ko 100 fifiko.

Kada a wadatu da jera ranaku tsirara, domin kowace tana bukatar jimla biyu ko uku da za su bayyana dalilinta. Idan aka zo 21 ga wata, Ranar Harshen Uwa ta Duniya, wajibi ne a ambaci ɗaliban da 'yan sanda suka harbe a Dhaka, babban birnin Bangladesh a yau, a 1952 suna neman a amince da harshen Bengali a hukumance, da kuma cewa don tunawa da su ne UNESCO, hukumar ilimi, kimiyya da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta ware ranar a 1999.